James Parkinson, likitan unguwa da ya karanta cuta a tafiyar mutane

Wata rana kafin shekarar 1817, wani likitan unguwa a gabashin birnin Landan ya hango wani mutum daga nesa, yana tare da hadiminsa. Mutumin ba ya iya ɗaga ƙafa ya soma tafiya da kansa. Sai hadimin ya tsaya a gabansa ya dafa kafaɗunsa biyu, a riƙa ɗan jijjigawa gaba da baya har sai ya ji ya daidaita a kan ƙafafunsa. Daga nan sai ya ba da umarni, hadimin ya zame daga gabansa ya ruga gaba, shi kuma ya taho a guje, domin gudun ne kaɗai tafiyar da ta rage masa. Bayan taku 20 ko makamancin haka, hadimin ya tare shi kafin ya kifa. Likitan bai samu jin labarin mutumin ba, bai kuma duba jikinsa ba. Abin da idonsa ya gani kawai ya rubuta, ya sanya shi na biyar cikin mutum shida da ya kafa hujja da su a wata 'yar ƙasida mai shafi 66.

Wannan likita shi ne James Parkinson, wanda a yau ake kiran cutar karkarwar jiki da sunansa a kusan kowane harshe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 fiye da mutum miliyan 8.5 ne ke fama da cutar, kuma yawanta ya ninka cikin shekara 25. Tun daga 1997 aka keɓe ranar 11 ga Afrilu, ranar haihuwarsa, domin tunawa da masu cutar. Shi kansa bai taɓa jin an kira wata cuta da sunansa ba. Mutanen zamaninsa sun fi saninsa da tara duwatsu, gwamnati kuwa ta taɓa saninsa a matsayin mai tayar da ƙayar baya.

An haife shi ranar 11 ga Afrilun 1755 a gida mai lamba 1 a dandalin Hoxton, cikin unguwar Shoreditch. Mahaifinsa, John Parkinson, mai haɗa magani ne kuma likitan fiɗa, a cikin gidan yake ganin marasa lafiya. A Ingila ta wancan lokaci masu aikin lafiya hawa uku ne. A sama akwai manyan likitoci masu digirin jami'a, waɗanda sai masu hali ke iya kiransu. Sai likitocin fiɗa, sannan masu haɗa magani, waɗanda su ne talaka ke ƙwanƙwasa wa ƙofa da tsakar dare. James, wanda shi ne ɗan fari, ya koyi sana'ar a hannun mahaifinsa kamar yadda ɗan maƙeri ke koyon ƙira. Ya yi watanni yana sanin makamar aiki a Asibitin Landan a 1776, ya kuma samu shaidar ƙungiyar likitocin fiɗa a 1784, shekarar da mahaifin ya rasu ya bar masa gidan da marasa lafiyarsa. Bai taɓa zama ɗalibin jami'a ba. Ya auri Mary Dale, kuma daga baya ɗansu John ya shigo sana'ar, aka jera kaka da uba da jika a aiki ɗaya.

Tun yana saurayi aka ga alamar irin mutumin da zai zama. A 1777 ƙungiyar da ke karrama masu ceton rai ta ba shi lambar azurfa saboda farfaɗo da wani mutum da ya rataye kansa. A 1785 ya halarci laccocin shahararren likitan fiɗa John Hunter, ya riƙa ɗaukar bayanin da gajeren rubutu na alamomi, kuma rubutun ya cika har ɗansa ya iya buga shi littafi a 1833. Hunter mutum ne mai hana ɗalibansa dogaro da abin da magabata suka faɗa matuƙar za su iya dubawa da idonsu, kuma da alama darasin ya zauna wa Parkinson.

Sai juyin juya halin Faransa ya ɓarke a 1789. A Ingila ta lokacin maza ƙalilan masu dukiya ne ke jefa ƙuri'a, manyan garuruwa irin su Manchester da Birmingham ba su da wakilan kansu a majalisa, alhali wasu kufai masu gidaje 'yan kaɗan suna da wakilai bibbiyu. Parkinson, wanda kullum yake shiga ɗakunan matalauta yana ganin abin da yunwa da haraji ke yi musu, ya shiga wata ƙungiyar masu sana'ar hannu da wani baduku mai ɗinkin takalma, Thomas Hardy, ya kafa a Landan a 1792. Kuɗin shiga kwabo ɗaya ne a mako, don kada talauci ya hana kowa. Abin da suke nema shi ne kowane baligi namiji ya samu ƙuri'a, a kuma riƙa sabunta majalisa kowace shekara. Parkinson ya rubuta ƙasidu da dama, wasu da sunansa, wasu da sunan aro na Old Hubert, yana sukar yaƙi da haraji da yadda ake hukunta talaka a kan ƙaramin laifi. Ɗaya daga cikinsu, ta 1794, tana kira ne ga sauyi ba tare da zubar da jini ba.

Gwamnatin Firaminista William Pitt ba ta ɗauki wannan da wasa ba. Faransawa sun fille kan sarkinsu a Janairun 1793, ƙasashen biyu kuma sun shiga yaƙi. A watan Mayun 1794 aka dakatar da dokar da ta hana tsare mutum ba tare da shari'a ba, aka kama Hardy da wasu shugabanni bisa zargin cin amanar ƙasa, laifin da hukuncinsa rataya ne. Cikin wannan yanayi ne wani ɗan ƙungiyar mai gyaran agogo, wanda ya samu saɓani da 'yan uwansa, ya kai tsegumi cewa ana ƙulla makircin kashe Sarki George na Uku ta hanyar harba masa kibiya mai dafi daga bindigar iska. Aka kama mutum uku, dukansu sanannun Parkinson.

Mai hankali a irin wannan rana yakan rufe ƙofarsa ya yi shiru. Parkinson, mai mata da ƙananan 'ya'ya, wanda kuma shi ne ya rubuta wasu daga cikin ƙasidun da gwamnati ke farautar marubutansu, ya bayyana gaban majalisar mashawartan sarki a watan Oktoban 1794 domin ba da shaidar da za ta wanke abokansa. Pitt da kansa yana zaune. Da aka miƙo masa littafin rantsuwa sai ya ƙi rantsewa har sai an tabbatar masa cewa tambayoyin za su tsaya kan zancen makircin, ba za a tilasta masa faɗin abin da zai kama shi da bakinsa ba. Aka ja, aka ja, daga ƙarshe ya samu abin da ya ishe shi ya rantse, ya amsa abin da ya ga dama a amsa, ya kauce wa tarkon da aka ɗana masa, ya koma gida. Waɗanda aka kama sun shafe watanni a tsare, amma ba a samu ko ɗaya da laifi ba, kuma mutum guda da aka gurfanar a 1796 kotu ta sallame shi. Duk da haka dokokin da suka biyo baya sun shaƙe ƙungiyar, aka haramta ta a 1799. Gyaran zaɓen da ya yi wa fafutuka bai fara samuwa ba sai 1832, shekara takwas bayan rasuwarsa.

Da ƙofar siyasa ta rufe, alƙalamin bai huta ba, sai dai ya sauya fage. Daga 1799 ya shiga rubuta littattafan lafiya don mutanen gida: yadda uwa za ta gane ciwon da ke buƙatar likita da wanda ba ya buƙata, nasiha ga mutanen karkara, gargaɗi ga yara kan wasanni masu haɗari, da wata hanya mai araha ta yin ɗamarar masu ciwon gwaiwa, domin lebura ya iya komawa aiki. Ya rubuta littafi a 1805 kan ciwon gaɓoɓin nan mai kumbura babban yatsan ƙafa, wanda shi da mahaifinsa duk suka sha fama da shi. Ya goyi bayan rigakafin agana na Edward Jenner. Hoxton ta yi suna da gidajen ajiye masu taɓin hankali, shi kuma yana duba marasa lafiya a ɗaya daga cikinsu, don haka a 1811 ya yi rubutu yana neman dokar da za ta kare su tare da kare masu kula da su. A 1812 shi da ɗansa John suka ba da rahoton wani yaro ɗan shekara biyar da ya mutu, suka nuna cewa fashewar afendis ce ta kashe shi, kuma ana lissafa rahoton cikin na farko-farko a Turanci. Ya yi tsayin daka a ware ɗakin masu zazzaɓi mai yaɗuwa a gidan gajiyayyu na unguwarsu, ya kuma sa ido kan marayun da ake bai wa masu sana'a koyon aiki, waɗanda sau da yawa bauta ce ake kira koyo.

Abin da ya ba shi suna a rayuwarsa kuwa, ba ya cikin duk waɗannan. Burbushin halittun da suka zama dutse ne: katantanwa, ƙasusuwa, ganyaye da haƙoran dabbobin da suka shuɗe tun kafin ɗan Adam. Ya tara su har gidansa ya zama wurin ziyarar masana, ya kuma rubuta babban littafi mai juzu'i uku a kansu, a 1804 da 1808 da 1811. Ranar 13 ga Nuwamban 1807 yana cikin mutum 13 da suka zauna a wani gidan cin abinci a Landan suka kafa ƙungiyar masana duwatsu da tarihin ƙasa, wadda ita ce mafi daɗewa irinta a duniya. Lambar zinare da kwalejin likitocin fiɗa ta ba shi a ƙarshen rayuwarsa, mafi yawa saboda wannan aikin ne. Ba a banza ake ambatar duwatsun ba. Mai nazarin irin waɗannan burbushi aikinsa ke nan ya ɗauki guntun nan da guntun can, ya gane cewa na halitta ɗaya ne, ya jera su daga farko zuwa ƙarshe. Abin da ya yi da cutar karkarwa ke nan.

Yana da shekara 62 ya fitar da ƙasidar, An Essay on the Shaking Palsy, a 1817. Karkarwar jiki ba sabon abu ba ce ga likitoci. Tun zamanin Galen, likitan daular Rum, aka bambanta karkarwar da ke zuwa lokacin da gaɓa take hutawa da wadda ke zuwa lokacin da ake aiki da ita. Haka kuma wani likitan Faransa na ƙarni na 18, Sauvages, ya bayyana tafiyar sassarfa da mutum ba ya iya tsayar da ita. Sai dai ana ɗaukar kowacce cuta ce mai zaman kanta. Parkinson ne ya ce alamomi ne na cuta guda, waɗanda ke bayyana a matakai daban-daban cikin shekaru masu yawa. Dalilin da ya sa aka daɗe ba a gane ba, a ganinsa, shi ne cutar tana tafiya a hankali ƙwarai, har maras lafiya ba ya tuna ranar da ta fara, kuma da wuya likita ɗaya ya ga farkonta ya ga ƙarshenta.

Mutanensa shida duk maza ne. Na farko mai aikin lambu ne da ya haura shekara 50, mutum mai kamun kai. Na biyu da na uku a kan titi ya gamu da su, ya tsayar da su ya yi musu tambayoyi: ɗaya ɗan shekara 62 da ya yi aiki a ofishin alƙali, ɗayan kuma tsohon matuƙin jirgin ruwa mai kimanin shekara 65, wanda ya ɗora laifin ciwonsa kan watannin da ya kwana a danshin ƙasa a wani kurkukun Sifaniya. Wannan tsoho ba ya iya takawa sai da gudu, yana dogara sanda da ƙarfi duk bayan taku biyar ko shida don kada ya faɗi. Na huɗu wani ciwo ne daban ya kawo shi, bayan ya warke kuma ya ɓace masa. Na biyar shi ne wanda aka hango daga nesa. Na shida, ɗan shekara 72, shi ne ya fi ba shi bayani. Shanyewar ɓarin jiki ta taɓa kama shi, karkarwar ta tsaya cak a ɓangaren da ya shanye, da ƙarfi ya dawo kuma sai ta dawo. Parkinson ya tambaye shi ko yakan ji tsoro idan ya ga ɗan tsakuwa a gabansa yana tafiya, ya amsa cewa ƙwarai kuwa, matarsa ta ƙara da cewa a ganinta ko allura ce a ƙasan ɗaki, tsallake ta zai zame masa aiki.

Daga waɗannan guntaye ya zana tafiyar cutar gaba ɗaya. Takan fara da ɗan rauni da karkarwa a hannu ɗaya, bayan shekara guda ko fiye ta tsallaka ɗaya ɓangaren. Mutum ya fara sunkuyawa. Tafiya, wadda a da ba ya ko tunaninta, ta koma aikin da sai ya tattara hankalinsa. Rubutu ya gagara, cokali ya daina isa baki daidai. Nauyin jiki ya koma kan yatsun ƙafa, taku ya gajarce ya ƙara sauri, har mutum ya riƙa bin kansa da gudu don kada ya kifa. Ya ambaci rashin barci mai daɗi, da taurin bayan gida, da dalalar miyau, da dusashewar murya, da wahalar haɗiya a ƙarshe. Likitan jijiyoyi na yau zai karanta wannan ya gane majinyatansa ɗaya bayan ɗaya.

Ya yi kuskure a wurare. Ya ɗauka hankali da gaɓoɓin ji ba sa taɓuwa, alhali yanzu an san cewa raunin jin ƙamshi, da baƙin ciki mai tsanani, da mantuwa a wasu majinyata, suna cikin cutar. Sanɗarewar tsoka ta wuce shi, wataƙila don bai lanƙwasa hannun majinyatan ya ji ba. Ya zaci tushen ciwon yana saman laka, wajen wuya, ya kuma ba da shawarar a zubar da jini daga wuya, a sa magani mai tayar da bororo, a bar miki yana tsiyaya, wato irin maganin zamaninsa, wanda ba ya da nisa da ƙaho da sakiya. Amma ya faɗa tun a gabatarwa cewa hasashe ne yake yi, domin bai samu buɗe gawar ko mutum ɗaya mai cutar ba, kuma ya fitar da ƙasidar ne don masu binciken gawa su ɗauka daga inda ya tsaya. Ya yi fatan wata rana a samu abin da zai tsayar da ci gaban cutar. Har yau ana kan neman wannan.

Mujallun likitoci sun yaba wa ƙasidar, daga nan aka ajiye ta. Shi kuma ya ci gaba da zagayen marasa lafiyarsa da duwatsunsa. A watan Disambar 1824 shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, ta ɗauke masa magana, ya rasu ranar 21 ga watan yana da shekara 69. Aka binne shi a makabartar cocin St Leonard da ke Shoreditch, cocin da aka yi masa baftisma, aka kuma ɗaura masa aure. Bayan 'yan shekaru aka yi gwanjon duwatsunsa, suka watsu.

Faransawa ne suka tono sunansa. Jean-Martin Charcot, babban likitan jijiyoyi na asibitin Salpêtrière a birnin Faris, yana da abin da Parkinson bai taɓa samu ba: dubban majinyata a ƙarƙashin rufi ɗaya, waɗanda zai iya bi shekara da shekaru. Ya ƙara sanɗarewar tsoka da jinkirin motsi cikin alamomin, ya lura cewa majinyatan ba shanyewa suka yi ba, wasunsu ma ba sa karkarwa, don haka tsohon sunan bai dace ba. Kusan rabin ƙarni bayan rasuwar likitan Hoxton, Charcot ya riƙa kiran ciwon cutar Parkinson, sunan kuma ya zauna.

A Faris ɗin ne kuma aka fara ƙoƙarin mayar da abin da ido ke gani zuwa abin da za a iya aunawa. Étienne-Jules Marey ya ƙera wata na'ura a wajajen 1860 da ake ɗaurawa a wuyan hannu tana zana bugun jini a takarda, Charcot kuma ya yi amfani da irin wannan dabara wajen zana karkarwa, ya bambanta ta masu cutar Parkinson da ta wasu cututtuka. A farkon shekarun 1870 Marey da ɗalibinsa Gaston Carlet suka yi takalmi mai 'yar jakar iska a tafinsa. Duk lokacin da aka taka, iskar takan bi ta siririn bututun roba ta motsa wani tsinke da ke zane a kan gangar takarda mai juyawa. Wani almajirin Charcot, Gilles de la Tourette, ya riƙa shafa wa majinyata launi a tafin ƙafa su taka doguwar takarda, ya auna tsawon takunsu da faɗinsa. Duk na'urar da ake ɗaura wa majinyaci a yau jikar waɗannan ce.

Dalilin da ya sa awon ya zama dole ya bayyana ne bayan an samu magani. A 1919 aka gano cewa ɓarnar tana wani ɗan baƙin yanki ne a can cikin ƙwaƙwalwa. Binciken Arvid Carlsson a Suwidin a ƙarshen shekarun 1950, da na Oleh Hornykiewicz a Biyana a 1960, ya nuna cewa sinadarin dofamin ne ke ƙaranci, sannan a 1967 George Cotzias a Amurka ya nuna yadda za a ba da maganin levodopa ya yi aiki. Maganin yana tayar da wanda ya kwanta, amma bayan shekaru aikinsa yakan koma hawa da sauka cikin yini ɗaya: da hantsi mutum yana tafiya lafiya, kafin azahar ƙafarsa ta kafe a bakin ƙofa, da la'asar kuma jiki ya riƙa murɗawa da kansa saboda maganin ya yi yawa. Likita kuwa mintuna kaɗan yake ganinsa, sau biyu ko uku a shekara, kuma sananne ne cewa kafewar ƙafa takan ɓuya a gaban likita. An gwada bai wa majinyata takarda su riƙa cikewa duk rabin sa'a, amma mantuwa da gajiya sukan ɓata lissafin.

Na'urorin zamani, masu kama da agogon hannu ko 'yar akwatin da ake maƙalawa a ƙugu, suna ɗauke da irin ma'aunin motsin da ke cikin wayar salula. Suna gane karkarwar cutar, wadda ke kaɗawa sau huɗu zuwa shida a daƙiƙa, suna auna tsawon taku da saurinsa, da lokacin da ƙafa ta kafe, da faɗuwa, dare da rana har tsawon mako, sannan likita ya ga jadawalin ya daidaita lokutan shan magani. Wasu ma sukan girgiza su tunatar da mai su cewa lokacin ƙwaya ya yi. A Janairun 2023 hukumar NICE ta Ingila ta amince a yi amfani da irin waɗannan na'urori guda biyar, cikinsu har da PKG ta Ostireliya da STAT-ON ta Sifaniya, bisa sharaɗin a ci gaba da tattara shaidar amfaninsu, domin har yanzu ba a gama tabbatar da cewa sun cancanci kuɗinsu ba. A shekarar ce kuma masu bincike a Jami'ar Cardiff suka duba bayanan mutum fiye da 100,000 da suka ɗaura ma'aunin motsi na mako guda, suka ga cewa raguwar saurin motsi na iya nuna cutar har shekara bakwai kafin likita ya tabbatar da ita. Abin da na'urar ke yi, a taƙaice, shi ne kallon majinyaci a inda yake rayuwa, kamar yadda Parkinson ya kalli mutanensa a titi.

A Najeriya lissafin ya sha bamban. Manomin citta a Kachia ko Kwoi, ko tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa a Kafanchan, idan hannunsa ya fara rawa, sau da yawa tsufa ake ɗora wa laifi, ko giya, ko sammu, shekaru su wuce kafin a ambaci asibiti. Likitocin jijiyoyi 'yan kaɗan ne a ƙasar, kuma a manyan asibitocin koyarwa suke, don haka daga kudancin Kaduna sai an ɗauki hanyar Jos, ko Kaduna, ko Zariya, ko Abuja, a ɓatar da yini guda da kuɗin mota na mutum biyu don ganawar da ba ta kai sa'a ba. A irin wannan nisa na'urar da za ta aika bayanin mako guda ta intanet tana da amfani fiye da yadda take da shi a Landan, har ma ɗan bidiyon da jika zai ɗauka da wayarsa lokacin da ƙafar kakansa ta kafe yana iya nuna wa likita abin da ba zai gani a ɗakinsa ba. Sai dai agogo ba ya warkarwa. Binciken da likitocin Najeriya suka yi ya nuna cewa levodopa ba ya samuwa a ko'ina, inda ya samu kuma yakan fi ƙarfin aljihun talaka, kuma awon hawa da saukar maganin da mutum bai samu saya ba aikin banza ne. Akwai kuma batun maganin feshi: bincike a ƙasashe da dama ya danganta yawan mu'amala da maganin kashe ciyawa na paraquat da ƙaruwar haɗarin cutar, Tarayyar Turai ta hana shi tun 2007, alhali manoman yankin sun daɗe suna goya tankin feshi ba safar hannu ba takunkumi.

Najeriya ta kuma fara ba da nata gudummawar. A 2023 wani bincike da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas ke cikin jagororinsa, wanda mafi yawan majinyatan da aka duba a cikinsa 'yan Najeriya ne, ya gano wani sauyi a ƙwayar gado mai suna GBA1 da ke ƙara haɗarin cutar ga masu asalin Afirka, abin da binciken da aka daɗe ana yi kan Turawa kaɗai bai nuna ba.

Shi kuwa mai sunan, ƙasarsa ta daɗe da mantawa da shi, har sai da wani likita a Amurka, Leonard Rowntree, ya je Shoreditch ya bi sawunsa, ya buga tarihinsa a 1912. Babu wanda ya san takamaiman wurin kabarinsa a makabartar St Leonard. A 1955, shekara 200 da haihuwarsa, aka kafa allon tunawa da shi a cikin cocin, akwai kuma wani allon a jikin ginin da ke lamba 1 a dandalin Hoxton. Abokinsa a harkar duwatsu, Gideon Mantell, ya siffanta shi da cewa mutum ne da bai cika tsawo ba, mai kuzari da fara'a da sauƙin hali, mai son koyar da abin da ya sani. Wannan siffar ce kaɗai ta rage, domin ba a samu zanen fuskarsa ko ɗaya ba. Hoton wani mai gemu da ke yawo a intanet da sunansa na wani mutum ne daban: James Parkinson ya rasu shekara 15 kafin a fito da sana'ar ɗaukar hoto a 1839.